Ƙwayoyi a Cikin Hular Malam Zulkifilu

"Rufe ƙofar," in ji Malam Zulkifilu. "Ba ka saya ta na ce ba, rufewa."

Sabo ya kulle keken maganinsa ya bar shi a bakin ƙofa, ya shigo ɗaki mai lamba goma sha huɗu riƙe da ɗan kofin roba mai ƙwaya biyu a ciki. Gidan kula da tsofaffi ne a bayan garin Laurel, can ƙasar waje, gado tamanin, kuma a cikin tamanin ɗin nan Malam Zulkifilu ne kaɗai Bahaushe. A cikin ma'aikata kuwa Sabo ne mai raba maganin safe da na rana a wannan ɓangare.

"Jibi ake ɗaukar azumi," in ji tsohon.

"Haka aka ce, Baba. Laraba."

"To da ni za a ɗauka."

Sabo ya yi 'yar dariya, irin wadda ake yi in babba ya faɗi abin da ba a so a ji. "Baba, ai Anti Sailuba ta ce tun da aka samu wannan shanyewar ɓarin jikin..."

"Sailuba ce ta haife ni, ko ni na haife ta?" Tsohon ya gyara zama a bakin gado, ya jawo hannunsa na hagu da na dama ya ɗora a cinya. "Tun ina ɗan shekara sha ɗaya ban taɓa shan azumi ba sai bara, da suka kwantar da ni da roba a hanci. Shekarata saba'in da tara. Kana da takardar da ta ce zan ga na baɗi? In kana da ita ɗauko in gani."

Sabo bai da ita.

"To saurara. Ƙwayar safe da ta rana, ka riƙa ba ni a hannu. In an sha ruwa in haɗiye abina. Magani dai magani ne, ciki ɗaya zai shiga, ko da rana ko da magariba. Abinci kuwa ka bar ni da shi, ga firij ɗina nan, na san yadda zan yi tire ya koma wayam. Sailuba ba za ta ji ba, likita ba zai ji ba."

"Baba, aikin nan ba haka yake ba."

"Na san yadda yake. Kai kuma sau nawa ka faɗi jarrabawar shiga makarantar nas?"

Sabo ya sunkuyar da kai. "Sau biyu."

"Lissafi?"

"Lissafi."

"Shekara talatin da huɗu ina koyar da lissafi a Zariya. Na koyar da yaran da kansu ya fi naka tauri, wasu yanzu gadoji suke ginawa kuma ba su faɗo ba. Kullum in ka tashi ƙarfe uku ka ba ni rabin awa. In ka sake faɗuwa, ka canza mini suna."

To, dokar aikin Sabo guda ce, kuma ya san ta kamar sunansa. Ka auna hawan jinin mutum. In lambar sama ta gaza ɗari, ka riƙe magani ka kira nas. In ta kai, ka ba shi, ka tsaya a kansa har ka ga maƙogwaro ya motsa, sannan ka sa hannu a takardar magani. Ba a sa hannu kafin a haɗiye, ba a barin ƙwaya a ɗaki. Matar da ta koya musu aikin har cewa take yi su buɗe bakin tsoho su leƙa ƙarƙashin harshe, don tsoho ya fi yaro iya ɓoye abu.

Amma ita wannan mata ba ta taɓa tsayawa gaban dattijo sa'an mahaifinta ba, mai furfura har gira, yana roƙon a bar shi ya yi ibada. Wa zai buɗe baki ya ce masa a'a? In ya mutu kafin baɗi, wa zai ɗauki wannan? Haka Sabo ya gaya wa kansa. Maganar lissafin kuwa ya tura ta can bayan zuciya, kamar ba ta cikin cinikin. Tana ciki. Mutum ne da ya shigo ƙasar nan da bizar caca, irin wadda ake samu ta hanyar ƙuri'a, ya ɗauki kwali a sito shekara uku, ya yi gadi shekara biyu, ya wanke tsofaffi shekara uku kafin ya samu takardar raba magani. Shekararsa arba'in da ɗaya, kuma abin da ke tsakaninsa da rigar nas bai wuce lissafi mai ɗigo da na kashi-kashi ba.

"Wata ɗaya ne kawai?" in ji shi.

"Kwana talatin, ko ashirin da tara in Allah ya tausaya maka."

Suka yi musabaha. Hannun daman tsohon da sauran ƙarfinsa.

Ran Laraba da safe Sabo ya auna, ya samu ɗari da arba'in da takwas. Ya juye ƙwaya biyu a tafin tsohon. Malam Zulkifilu ya cire hularsa, wata tsohuwar zanna bukar da ta sha wanki, ya zuba su a cikin lanƙwasar gefenta, ya mayar kansa. Sabo ya fita ya buɗe takardar magani, ya sa harufan sunansa a ƙaramin akwatin ƙarfe tara. Da ƙarfe biyu ya sake sa wa. Shi ma da azumi a bakinsa.

Don kada wani ya riƙe keken ya tsaya sai ya ga an haɗiye, Sabo ya karɓi ranakun hutunsa ya yi aiki, ya karɓi na abokan aiki ma. Aka yi ta yaba masa. Mai tsara lokutan aiki har ta ce da za a samu irinsa uku da ta huta.

Darasi kuwa ya kankama. Tsohon malami ne na gaske. Da dabino yake koyarwa, tunda ba mai ci sai magariba. Ya jera takwas a kan teburin gado, ya ware biyu.

"Nawa na ɗauka?"

"Biyu."

"Kai, ɗan Gumel! Biyu cikin nawa? Lamba ba ta tafiya ita kaɗai, sai da danginta."

"Biyu cikin takwas. Ɗaya cikin huɗu ke nan."

"Ka gani? Kan nan ba dutse ba ne, laka ce ta bushe. Ruwa take so."

Cikin kwana biyar Sabo ya gane abin da ya gagare shi shekara biyu. Yana fita daga ɗakin da farin ciki, sai ya wuce ta gaban keken magani ya ji abin ya koma masa ciki.

Ga inda lissafin malamin lissafi ya kuskure. Maganin da aka raba sau uku a yini, an raba shi ne don ya riƙe jini tun safe har dare. Yanzu da rana babu komai a jikin tsohon. Sai jinin ya fara hawa. Ɗari da sittin. Ɗari da saba'in da biyu. Ɗari da saba'in da takwas. Sabo kuwa a wajen awo bai taɓa yin ƙarya ba, abin da na'ura ta nuna shi yake rubutawa, har yana jin wannan gaskiyar tana rage masa nauyin waccan ƙaryar. Bai san haɗuwar su biyun ce za ta yi ɓarna ba.

Ran Talata likitan gidan ya zo zagaye. Ya duba takarda: an ba da magani a kan lokaci, ga sa hannu reras, amma jini yana hawa. Me likita zai ce? Magani ya yi kaɗan. Ya ninka ƙwayar safe, ya ƙara wata ƙarama mai sa fitsari.

Da Sabo ya ga sabon umarnin washegari, sai ya nufi ɗaki sha huɗu.

"Baba, sun ƙara maka magani," ya ce bayan ya rufe ƙofa. "Saboda mu suka ƙara. Suna ganin kana sha ba ya aiki."

"To sai me? Hular tana da wuri."

"Ba wasa nake ba. Wannan duka a lokaci ɗaya, a kan cikin da ya yini babu ruwa... Bari in gaya wa likita."

Tsohon ya dube shi ta saman tabarau. "Ka gaya masa me? Cewa kwana bakwai kana sa hannu a kan abin da ba ka gani ba?" Bai ɗaga murya ba, bai kuma faɗa da mugunta ba. Kamar yadda yake nuna masa kuskure a darasi haka ya faɗa. "Ni za a yi mini faɗa, Sailuba ta yi kuka, shi ke nan. Kai fa?"

Tsohon ya ci gaba.

"Lafiyata lau. Jiya har tarawihi na yi raka'a huɗu a tsaye."

"To ka raba su, don Allah. Rabi da shan ruwa, rabi da sahur."

"To."

Wannan "to" ɗin Sabo ya san irinsa. Irin wanda babba ke ba yaro ne don a wuce wurin. Ya karɓa don yana so ya karɓa.

Da ƙarfe uku yake miƙa ɓangaren ga nas ɗin yamma, Chundung, 'yar Jos, mace mai faɗin murya da dariya. Ita ce ta tsaya masa har aka tura shi kwas ɗin raba magani, lokacin da wasu ke cewa Turancinsa bai kai ba. Ran Alhamis suna ƙirga makullai ta tsaya ta buga takardar ɗaki sha huɗu da biro.

"Malam Sabo, wannan Baban naka ya ishe ni. Da rana jininsa yana sama kamar farashin fili a Abuja. 'Yan asuba kuma suna samun jinin ya yi ƙasa, jiya ɗari da biyu. Kuma kullum na kawo ƙwayar ƙarfe takwas sai ya ce, 'Yata dawo anjima ina lazimi. Sai rana ta faɗi yake karɓa." Ta rage murya. "Ni fa a Jos na girma, maƙwabtanmu duka naku ne. Gaya mini gaskiya. Baba yana azumi ne?"

Ƙofa ce aka buɗe masa har bango. Kalma ɗaya ta isa.

"Ina!" in ji Sabo. "Ba ki ga tirensa ba? Ko ƙwayar shinkafa ba ya bari."

"Haka ne kuma." Ta rufe fayil. "To tsufa ne. Kai je ka huta, bakinka ya bushe kamar ƙafar kaza. Gobe zan kawo maka gwate ka sha ruwa da shi, ka ji abincin mutane."

Ta kawo kuwa, a cikin kula, da zafinsa. Ya kai gidansa a Hyattsville, aka kira salla, ya kai cokali ɗaya baki ya mayar da murfin kular.

Ran Litinin, azumi na goma sha uku, Sabo ya shigo ƙarfe bakwai saura ya tarar da ƙofar ɗaki sha huɗu a buɗe. An yaye zanen gado. Dardumar salla tana ƙasa a karkace, ba wanda ya naɗe ta.

Madam Irene, shugabar nas-nas ta gidan, ita ta tara su ta yi bayani. Jiya bayan faɗuwar rana Chundung ta auna tsohon, ta rubuta ɗari da sittin da biyu, ta ba shi ƙwayarsa guda ɗaya. Bayan kamar awa ɗaya ya miƙe daga kan darduma, jiri ya kwashe shi. A ƙasa aka same shi, jini saba'in da huɗu, ƙashin ƙugu ya karye. Yana asibiti, za a yi masa aiki yau.

"Ƙwaya ɗaya ba ta sauke mutum daga ɗari da sittin zuwa saba'in," in ji Madam Irene. "Ko dai ba a auna ba aka rubuta, ko an ba shi abin da ba nasa ba. An dakatar da Chundung har a gama bincike, kuma dole in kai rahoto hukumar da ke ba nas-nas lasin aiki."

Ba wanda ya dubi Sabo. Me za a duba? Takardarsa ta fi ta kowa tsabta.

Shi aka sa ya haɗa kayan tsohon da za a kai asibiti. Hular tana kan teburin gado kusa da littafin darasinsu. Ya juya lanƙwasar. Farin gari ya manne a zaren, ga kuma 'yar ƙaramar ƙwaya ɗaya, mai sa fitsarin nan, ta maƙale a cikin ɗinki. Sauran duka sun tafi ciki a tashi ɗaya, kamar kullum. Ya cusa hular a aljihun wandonsa, ya ci gaba da raba magani. Ranar kowane tsoho sai da ya leƙa masa ƙarƙashin harshe, har wata tsohuwa ta tambaye shi ko haƙoranta yake so ya saya.

Ran Talata da la'asar ya je asibiti. Sailuba ce ta tare shi a baranda, injiniya ce a garin College Park, idonta ya kumbura.

"Malam Sabo, Allah ya saka. Kai kaɗai ne kake kula da shi tsakani da Allah a gidan nan. Kullum muka yi waya sai ya ambace ka." Ta share ido. "Ita kuwa waccan matar, wallahi sai na ga ta bar aikin nan. Ba za ta sake taɓa uban wani ba."

"A yi haƙuri, Anti," in ji Sabo.

Da ta sauka neman shayi, ya ja kujera kusa da gadon. Tsohon ya ƙanƙance, kansa babu hula kamar ba shi ba.

"Ban faɗa ba," in ji Malam Zulkifilu a hankali. "Sun tambaye ni sau uku. Na ce ban tuna komai. Kai ma ka riƙe bakinka."

"Ba ka raba su ba, Baba."

"Na raba kwana biyu. Sai na ga in na makara sahur za su yini a hula." Ya lumshe ido. "An gama. Ƙafa ce, ta riga ta karye. Maganarka ba za ta ɗora ta ba."

"Sun dakatar da Chundung. Za su karɓe lasin ɗinta."

Tsohon ya buɗe ido. "Yarinyar da ke ce mini sannu da lazimi?"

"Ita."

Na'urar da ke gefen gado tana ta ƙirga bugun zuciya.

"Jarrabawarka saura sati biyar," in ji tsohon daga baya, yana kallon silin. "Ka iya yanzu. Na san ka iya."

"Wanda aka kama da ƙarya a takardar magani ba ya zama nas."

"Shi ya sa na ce ka yi shiru."

"Ita fa?"

Malam Zulkifilu ya juya fuskarsa bango. Sabo ya zo da niyyar ba shi hularsa, ya tashi da ita a aljihu.

Ya so a ce abin ya tsaya a haka, ya yi ta ɗaukar nauyinsa shi kaɗai har ya saba. Mutum yana sabawa da abubuwa da yawa a ƙasar nan. Sai ran Laraba da yamma matarsa ta aike shi kantin kayan Afirka da ke kusa da su ya sayo garin tuwo da kuka, ya yi kiciɓis da Chundung a layin manja. Ba kwalliya, ba dariya, ta ɗaura ɗankwali kamar mai zaman makoki.

"Malam Sabo! Yaya Baba? An yi aikin?"

"An yi. Da sauƙi."

"Mun gode Allah." Ta ajiye kwandonta a ƙasa. "Ka san kwana uku ban yi barci ba? Da farko na rantse na auna, na ba shi ƙwaya ɗaya. Ina ganin lambar a idona. Amma yanzu..." Ta girgiza kai. "Ɗaki sha biyar ma maganin jini yake sha, mai ƙarfi. Ina ta tunani, ko na haɗa kofunan? Ranar ɗana ya kira ni sau biyu a kan mota. Wataƙila hankalina ya rabu. Shekara goma sha tara ina aikin nan, Malam Sabo, tun daga gida. In ni na karya tsohon nan, gara su karɓi lasin ɗin. Ban cancanta ba."

"Ba ke ba ce," in ji Sabo.

"Kai dai kana da kirki." Ta ɗauki kwandon. "Ka sa ni a addu'a in za ka sha ruwa. Maƙwabtanmu suna cewa ta mai azumi ba ta faɗuwa ƙasa."

Ya fito kantin babu gari babu kuka. Ya zauna a mota, hannu a kan sitiyari, bai tayar ba. Dakatarwar ya iya haɗiyewa, ya ce bincike zai wanke ta. Zagin Sailuba ma ya haɗiye. Amma a ce mace ta zauna tana tuhumar hannunta a kan abin da hannunsa ya yi, har ta fara yarda, wannan ya tsaya masa a wuya. Ya lissafa, tunda yanzu ya iya: kwana goma sha biyu, sau biyu a rana. Sa hannu ashirin da huɗu. Da ƙarya ɗaya ta baki, wadda ta fi su duka nauyi.

Ran Alhamis bai karɓi makullin keke ba. Ya wuce ofishin Madam Irene kai tsaye, ya ajiye hular a kan teburinta, ya juya lanƙwasar, ƙwayar ta gangaro ta tsaya jikin kofin gahawarta.

Ya faɗa mata duka, daga rufe ƙofa har gwate. Turancinsa ya yi ta karyewa, bai tsaya gyara shi ba. Ta saurara ba ta katse shi ba, sannan ta jawo takardar magani ta bi akwatunan da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Duk waɗannan?"

"Duka."

"Da likita ya ƙara magani, ka san dalili?"

"Na sani."

"Chundung ta tambaye ka?"

"Ta tambaye ni."

Ta ɗaga waya ta kira likitan, ta sa shi a sifika. Likitan ya ce a sanar da asibiti yanzu su mayar da maganin yadda yake da, kafin su sallamo tsohon da ninkin da ba ya bukata. Sai ya ƙara da abin da Sabo bai manta ba har yau. Ya ce da an gaya masa tun farko, da sun zauna da tsohon da 'yarsa. Wataƙila ya ce kada a yi azumin. Wataƙila kuma ya mayar da maganin ƙwaya ɗaya mai dogon aiki, a sha bayan faɗuwar rana, a riƙa auna shi a tsaye da a zaune. Yana da marasa lafiya masu azumi a wani gidan, in ji shi, ba sabon abu ba ne. Tambaya ce kawai ba a yi ba.

Sabo ya ajiye katin aikinsa na wuya kusa da hular ya fita.

To, ga yadda cinikin ya tashi.

Chundung ta koma aiki bayan sati biyu, lasin ɗinta babu tabo. Sun haɗu sau ɗaya a wajen ajiye motoci ranar da ya je ɗaukar takardunsa. Ya fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu. "Na tambaye ka, Sabo," ta ce. Ba ta sa Malam ba. Ta shiga motarta. Ta samu aikinta, amma an ce har yanzu sau biyu take karanta kowane kofi, wani lokaci sau uku, kuma dariyar nan ta ragu.

Malam Zulkifilu ya samu azumi goma sha biyu, Allah ya karɓa. Bai sake tsayuwa da ƙafarsa ba. Ya ga Ramadan na baɗi da na bayansa, a keken guragu, yana salla a zaune, shi da ya yi duk wannan don ya yi ibada kamar kowa. Sailuba ta mayar da shi wani gida kusa da ita. Tsohon ya aiko wa Sabo littafin darasin ta hannun wani direba, babu wasiƙa, sai dai ya gyara masa lissafin shafin ƙarshe da jan biro.

Sabo ya rasa takardar raba magani, makarantar nas kuwa ko fom bai sake cikewa ba. Ya koma sito a Laurel, titi uku daga gidan tsofaffin. Ya iya lissafi mai ɗigo yanzu, ya iya na kashi-kashi, har shi ake kira in lodi ya rikice. Barci kuma yana yi, ban da watan azumi.

Wadda ta ci riba tsantsa wata tsohuwa ce 'yar Senegal da aka kawo ɗaki sha huɗu bayan shekara guda. Sati biyu kafin azumi Madam Irene ta shigo da takarda ta tambaye ta ko tana da niyyar yi, domin tun daga abin nan haka gidan yake yi wa kowa. Likita ya duba ta, ya mayar mata da ƙwayarta bayan magariba, ta yi ashirin da tara cif ba ta ko yi tuntuɓe ba. Ba ta taɓa jin sunan Sabo ba, balle na Malam Zulkifilu.